Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Yadda Babbar Manhaja ta Biyu Ke Zaman Baƙunci

Akwai wani darasi a ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wanda malamai da yawa sukan koyar da shi a kan allo kawai, ba sa yarda ɗalibai su gwada shi da hannunsu. Darasin kuwa shi ne yadda ake girka wa kwamfuta babbar manhaja tun daga farko. Dalilin tsoron malaman a fili yake. Kafin a girka babbar manhaja sai an rarraba faifan ajiya, an share sashen da za ta zauna, kuma kuskure ɗaya a wannan mataki ya isa ya tafi da duk abin da ke cikin na'urar: sakamakon jarrabawa, da rajistar ɗalibai, da takardun ofis. Makarantar da kwamfutocinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ba za ta iya sadaukar da ko ɗaya don gwaji ba. Saboda haka sai ɗalibi ya gama karatu ya san sunayen Windows da Linux, amma bai taɓa ganin yadda ake girka ko ɗaya daga cikinsu ba.

Fiye da shekara hamsin ke nan da masana suka samo mafita. Mafitar ita ce a ƙaga wata kwamfuta ta biyu a cikin ta farko, wadda ba ta da ƙarfe ko waya nata na kanta, manhaja ce zalla, sa'an nan a girka babbar manhaja ta biyu a cikinta. Wannan ita ake nufi da ƙagaggiyar kwamfuta. Ɗalibi yana iya share faifanta, ya lalata ta yadda ya ga dama, ba tare da kwamfutar ainihi ta yi asarar ko harafi ɗaya ba.

Aikin babbar manhaja

Domin a gane inda wahalar wannan dabara take, ya kamata a fara tuna aikin babbar manhaja. Kwamfuta tana da masarrafa, wato ɗan ɓangaren nan da ke yin lissafi yana zartar da umarni ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, inda ake riƙe abin da ake aiki a kansa a halin yanzu. Tana da faifan ajiya, inda bayanai ke zama ko an kashe na'urar. Sai kuma allon kallo, da allon rubutu, da linzami, da hanyar shiga intanet. Babbar manhaja ita ce mai mulkin waɗannan kayayyaki duka. Ƙananan manhajoji, kamar na rubuta wasiƙa ko na kallon hoto, ba su da ikon taɓa faifai ko ƙwaƙwalwa kai tsaye. Sai sun roƙi babbar manhaja ta yi musu.

Wannan mulki ba na fatar baki ba ne, a jikin masarrafa aka gina shi. Masarrafan kamfanonin Intel da AMD, waɗanda ake kira dangin x86, suna da matakan iko huɗu, daga 0 zuwa 3. Zuciyar babbar manhaja tana zama a mataki na 0, inda aka halatta mata kowane irin umarni. Ƙananan manhajoji suna zama a mataki na 3. Idan wata daga cikinsu ta yi ƙoƙarin ba da umarnin da ya fi ƙarfin matakinta, masarrafa ba za ta zartar ba. Sai ta tsayar da ita nan take, ta miƙa ƙara ga babbar manhaja. Wannan tsayarwa ita masana ke kira tarko, kuma mai karatu ya riƙe kalmar da kyau, domin a kanta aka gina komai.

To, ga matsalar. Kowace babbar manhaja an rubuta ta ne bisa zaton ita kaɗai ce a mataki na 0. Windows haka take zato, Linux ma haka. Gari ɗaya kuwa ba ya ɗaukar sarki biyu. Tsohuwar hanyar sasanta su ita ce a raba faifai gida biyu, kowace da sashenta, a riƙa zaɓar ɗaya lokacin kunna na'ura. Hanyar tana aiki, amma dole a kashe wannan kafin a shiga waccan, kuma rabon faifan shi ne ainihin matakin da malamai ke tsoro.

Baƙuwa da mai masauki

A ƙagaggiyar kwamfuta, babbar manhajar da ke kan na'urar tun farko ita ake kira mai masauki, ta biyun kuwa baƙuwa. A tsakaninsu akwai wata manhaja ta musamman, manhajar sa-ido, wadda ke ƙaga kwamfutar tana kuma lura da duk motsin baƙuwa. Abin ya yi kama da zaman falke a gidan fatoma a zango: fatoma ne ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya shiga tsakaninsa da masu saye. Bambancin kawai shi ne falke ya san shi baƙo ne, ita kuwa wannan baƙuwa ba ta sani ba. A ganinta gidan nata ne, ita ce mai mulkinsa.

Yadda ake yi mata wannan rufa-ido shi ne a sauko da ita daga matakin iko na ƙoli ba tare da saninta ba. Yawancin umarnin da kowace manhaja ke bayarwa na yau da kullum ne: tara wannan da wancan, kwatanta lambobi biyu, ɗauko abu daga ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan ana barin su su wuce kai tsaye zuwa masarrafa ta ainihi, shi ya sa baƙuwa ke gudu da sauri kusan kamar tana kan na'urarta. Amma da zarar ta ba da umarni na mulki, sai ta faɗa tarko. Manhajar sa-ido ta karɓi ƙarar, ta duba abin da baƙuwa ke nufi, ta aikata kwatankwacinsa a cikin iyakar da aka yanka mata, sa'an nan ta mayar mata da amsar da take jira.

Alal misali, idan babbar manhaja ba ta da aikin yi, takan ba masarrafa umarnin ta dakata har sai wani abu ya faru. Da za a bar baƙuwa ta zartar da wannan umarni da gaske, da ta tsayar da masarrafar da mai masauki ke bukata. Abin da ke faruwa shi ne manhajar sa-ido ta rubuta a littafinta cewa baƙuwa tana hutawa, ta ba wasu masarrafar, in an taɓa allon rubutu ta tashe ta. Baƙuwa ta farka tana zaton ita ce ta tsayar da na'urar.

Haka kuma batun faifai. Abin da baƙuwa ke gani a matsayin faifan ajiya, a wajen mai masauki fayil ne guda ɗaya babba, yana zaune cikin jaka kamar kowane fayil. Idan baƙuwa ta ce a rubuta wani abu a gurbi na 500 na faifanta, manhajar sa-ido sai ta nemo wurin da ya dace da gurbi na 500 a cikin fayil ɗin ta rubuta a can. Idan ta ce a share faifan gaba ɗaya, cikin wannan fayil kaɗai sharar za ta tsaya. Amincin dabarar duka daga nan ya fito. Ƙwaƙwalwar aiki ma haka ake yi da ita: baƙuwa tana ƙirga adireshin ƙwaƙwalwarta daga sifili, amma kowane adireshi sai an fassara shi zuwa wani wuri na ainihi a cikin kason da aka ware mata. Ba ta da hanyar da za ta ambaci adireshin da ke wajen kasonta, balle ta taɓa shi.

Asalin dabarar

Mutane da yawa suna ɗauka wannan sabuwar fasaha ce, alhali ta girmi kwamfutar tebur. A shekarun 1960 kwamfuta takan cika ɗaki guda, kuɗinta kuma sai gwamnati, ko babban kamfani, ko jami'a. Damuwar masana a lokacin ita ce yadda mutane da yawa za su yi amfani da na'ura ɗaya a lokaci guda. A cibiyar bincike ta kamfanin IBM da ke birnin Kambirij na jihar Masacusets a Amurka, wasu injiniyoyi, cikinsu har da Robert Creasy da Les Comeau, suka ɓullo da wata shawara. Maimakon a rubuta babbar manhaja ɗaya mai sarƙaƙiya da za ta yi wa kowa hidima, sai a ba kowane mutum ƙagaggiyar kwamfuta tasa, ya girka mata 'yar babbar manhaja mai sauƙi ta mutum ɗaya. Manhajar sa-idon da suka rubuta, mai suna CP-40, ta fara aiki a 1967, kuma tana iya ɗaukar ƙagaggun kwamfutoci 14 a lokaci guda. CP-67 ta biyo bayanta, sa'an nan a 1972 IBM ya fito da VM/370 a kasuwa. Jikarsu, z/VM, tana aiki har yau a manyan na'urorin kamfanin.

Wani amfani da ya bayyana nan da nan shi ne na masu rubuta babbar manhaja. A da, mai son gwada sabon gyara sai ya jira tsakar dare, lokacin da kowa ya tashi daga aiki, domin in gyaran ya ɓaci na'urar duka za ta tsaya. Da ƙagaggiyar kwamfuta ta zo, sai ya yi gwajinsa da rana tsaka, in ta rushe tasa ce kaɗai ta rushe. Matsalar malamin sakandare ta yau ita ce matsalarsu ta wancan zamani.

A 1974 wasu masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka wallafa takardar da ta shimfiɗa ƙa'idar abin. Sun ce manhajar sa-ido ta gari dole ta cika sharuɗɗa uku: baƙuwa ta yi aiki daidai da yadda za ta yi a na'urar ainihi, iko da kayan na'ura ya tabbata a hannun mai sa-ido, kuma mafi yawan umarni su wuce kai tsaye ba tare da an tare su ba. Suka kuma nuna cewa dabarar tarko za ta yiwu ne idan duk umarnin da ke iya taɓa mulkin na'ura, ko ya tona asirin matakin da ake ciki, yana cikin waɗanda ke jawo tarko.

Umarni goma sha bakwai

Masarrafan x86, waɗanda suka mamaye kwamfutocin tebur tun daga shekarun 1980, ba su cika wannan sharaɗi ba. Waɗanda suka tsara su ba su yi tunanin wani zai so ƙaga kwamfuta a cikin ƙaramar na'ura ba. A shekarar 2000 John Robin da Cynthia Irvine suka bi umarnin masarrafar Pentium ɗaya bayan ɗaya, suka ƙirga guda 17 masu saɓa wa ƙa'idar. Mafi shahara cikinsu shi ne mai suna POPF. Idan aka ba da shi a mataki na 0, yana iya canza alamar da ke nuna ko masarrafa za ta saurari kiran gaggawa daga sauran sassan na'ura. Idan aka ba da shi a mataki na 3, sai masarrafa ta yi watsi da wannan canji shiru, ba ta zartar ba, ba ta kuma kai ƙara ba. Baƙuwa ta wuce tana zaton an yi abin da ta ce, manhajar sa-ido kuwa ba ta ma san an ce wani abu ba. Daga nan lissafin ɓangarorin biyu ya saɓa, sai rushewa.

Hanyoyi uku aka bi aka warware wannan, kuma kowace tana da darasi. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya, cikin masu kafa shi har da Diane Greene da Mendel Rosenblum na Jami'ar Istanfod, ya bi hanyar fassara. Kafin wani yanki na zuciyar baƙuwa ya isa masarrafa, sai manhajar sa-ido ta karanta shi, ta cire umarnin da ke da hatsari, ta maye gurbinsu da wasu masu aminci, ta kuma ajiye fassarar don kada a maimaita aikin. Da wannan dabara suka fitar da VMware Workstation a 1999. A 2003 kuma masana a Jami'ar Kambirij, ta Ingila a wannan karo, suka fito da Xen, wadda ta zaɓi faɗa wa baƙuwa gaskiya. Sai a gyara baƙuwar ta san matsayinta, ta riƙa neman izini da kanta. Wannan ya yi sauƙi ga Linux, domin rubutun asalinta a buɗe yake ga kowa, amma Windows ba mai ikon gyara ta sai Microsoft.

Hanya ta uku ita ce ta ɗore. Masu ƙera masarrafa suka gyara ta daga tushe: Intel ya fito da VT-x a 2005, AMD ya fito da AMD-V a 2006. Aka ƙara wa masarrafa wani yanayi na musamman inda baƙuwa za ta zauna a mataki na 0 nata na kanta, amma akwai wani iko a bisa shi wanda ba ta gani. Abin mamaki shi ne a farko wannan bai fi dabarar fassara sauri a kowane aiki ba, saboda fassarar adireshin ƙwaƙwalwa tana jawo tarko barkatai. Sai a 2007 da 2008, da kamfanonin biyu suka ɗora wa masarrafa wannan aiki ma, sa'an nan hanyar ta yi wa sauran fintinkau.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2007 aka shigar da KVM cikin zuciyar Linux, kuma a shekarar ce kamfanin innotek na Jamus ya saki VirtualBox kyauta, wadda daga baya ta koma hannun Sun a 2008, sa'an nan Oracle a 2010. Microsoft ya fito da Hyper-V a 2008. Wasu daga cikin waɗannan, kamar Xen da Hyper-V, suna zama kai tsaye a kan ƙarfen na'ura, wasu kuwa, kamar VirtualBox, suna zama a kan wata babbar manhaja tamkar kowace ƙaramar manhaja. Kasuwancin hayar kwamfuta ta intanet, irin wanda Amazon ya fara da EC2 a 2006, a kan wannan fasaha ya ginu. Mai haya yana ganin an ba shi kwamfuta, alhali ƙagaggiya ce cikin masu yawa da ke kan na'ura ɗaya.

A ɗakin kwamfuta na makaranta

Malamin da ke son gwadawa yana bukatar abu uku: manhajar sa-ido kamar VirtualBox, da fayil ɗin girkawa na baƙuwa, wanda ake kira fayil ɗin ISO, da na'ura mai isasshiyar ƙwaƙwalwa. Linux ta fi dacewa da zama baƙuwar farko domin kyauta ce. Fayil ɗin ISO yana da girma, saboda haka a sauko da shi sau ɗaya a raba wa sauran na'urori ta filashi, kada kowane ɗalibi ya ƙone kuɗin data.

Cikas na farko da aka fi gamuwa da shi shi ne a tarar an kashe VT-x ko AMD-V a saitin BIOS na na'urar. Tun daga fitowa ta 6.1 a 2019, VirtualBox ba ta aiki sai da wannan tallafi na masarrafa. Idan ta ƙi tashi, a sake kunna na'urar, a shiga saitin BIOS, a kunna shi.

Cikas na biyu shi ne rabon ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne ɗoki ke kai ɗalibai ga kuskure. Ƙwaƙwalwar da aka ba baƙuwa daga ta mai masauki ake yanko ta. Windows 11 tana bukatar aƙalla gigabait 4. Ubuntu ta 2024, ɗaya daga cikin fitattun nau'o'in Linux, ita ma an ba da shawarar gigabait 4 da sararin faifai gigabait 25. Na'ura mai gigabait 8 za ta iya ɗaukar su biyun, ko da yake da ɗan nishi. Mai gigabait 4 kuwa, irin da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin cinya da ake sayarwa na hannu, ba za ta iya ba. A nan sai a nemi nau'i mara nauyi kamar Lubuntu, ko Debian ba tare da fuskar hotuna ba. Dokar da ta fi aminci ita ce kada a ba baƙuwa fiye da rabin ƙwaƙwalwar na'ura, domin idan mai masauki ta shaƙe, baƙuwa ma ta shaƙe. Faifai kuwa a zaɓi irin mai girma a hankali, wanda ko an ce masa gigabait 25 ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka zuba a ciki.

Yayin girkawa, baƙuwa za ta yi gargaɗi cewa za ta share faifai gaba ɗaya. Ya kamata malami ya tsayar da aji a daidai nan, ya tambayi ɗalibai wane faifai ake nufi. Wanda ya amsa daidai ya gane darasin. Wanda kuma ya saba da danna amincewa a nan ba tare da tunani ba, yana cikin hatsari ran da ya zauna gaban na'ura ta ainihi.

Babbar garaɓasar dabarar ita ce hoton yanayi. Manhajar sa-ido tana iya adana halin da baƙuwa ke ciki a wani lokaci, da faifanta da ƙwaƙwalwarta. Daga nan duk ɓarnar da aka yi, ana iya komawa wancan lokaci cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Malami zai iya girka baƙuwa ɗaya, ya ɗauki hotonta, aji ya yi ta gwaji, in an tashi ya mayar da ita yadda take domin aji na gaba.

Inda katangar take da ɓaraka

Kada a ɗauka katangar da ke tsakanin baƙuwa da mai masauki ba ta huduwa. Manhajar sa-ido ita ma mutane ne suka rubuta ta. A 2015 aka gano wani aibi, wanda aka laƙaba wa suna VENOM, a sashen manhajar QEMU da ke kwaikwayon na'urar tsohon faifan fulofi. Ta wannan kafa mugun shiri zai iya tsallakowa daga baƙuwa zuwa mai masauki, ko da yake kusan ba wanda ke amfani da fulofi a lokacin. An toshe kafar, amma ta nuna dalilin da ya sa ake sabunta manhajar sa-ido a kai a kai. Mafi yawan lokaci ma ba sai an sami aibi ba, mai na'ura ne ke buɗe ƙofa da hannunsa. Idan ya haɗa wata jaka tsakanin baƙuwa da mai masauki, duk ƙwayar cutar kwamfuta da ta kama baƙuwa tana iya lalata abin da ke cikin jakar.

Har ila yau, hoton yanayi ba ajiyar tsaro ba ne, domin a kan faifan ainihi yake zaune, in faifan ya mutu ya tafi da shi. Ɗaukewar wutar lantarki kuma tana bugun baƙuwa kamar yadda take bugun mai masauki. Batun lasisi bai faɗi ba: Windows a cikin ƙagaggiyar kwamfuta tana bukatar lasisinta, kuma sharaɗin Apple bai yarda a gudanar da macOS a na'urar da ba tasa ba.

Akwai kuma iyakar da ta shafi harshen masarrafa. Tun da umarnin baƙuwa kai tsaye suke wucewa, dole ne a ce an rubuta ta da harshen masarrafar da ke cikin na'urar. Kwamfutocin Apple masu masarrafar M1, waɗanda suka fito a 2020, dangin ARM ne, saboda haka baƙuwar da aka rubuta domin x86 ba za ta zauna a kansu ta wannan hanya ba. Sai dai a koma ga kwaikwayo, inda manhaja irin QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, ke fassara umarnin baƙuwa duka zuwa wani harshe. Yana aiki, amma tafiyarsa ta fi nauyi ƙwarai.

Aikin gwaji

Bayan an girka baƙuwa, ɗalibi ya duba girman fayil ɗin faifanta daga wajen mai masauki ya rubuta a takarda. Sa'an nan ya ɗauki hoton yanayi, ya shiga baƙuwa ya kwafi wani babban fayil a cikinta, ya fito ya duba jakar ƙagaggiyar kwamfutar. Zai tarar fayil ɗin farko bai ƙaru ba, wani sabo ne ya bayyana yana girma. Ya bayyana da kalmominsa abin da aka rubuta a cikin sabon fayil ɗin, da abin da zai same shi idan aka koma ga hoton yanayi.